Tinariwen: me suka yi shekara ashirin kafin duniya ta san su?

Ɗanliti:

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga masana kiɗan jitar hamada. Duk inda aka ba da tarihin Tinariwen, ƙungiyar mawaƙan Abzinawa ta Mali, sai a ce sun fara wajen 1979, amma faifan da ya fito da su duniya sai 2001. Shekara ashirin da biyu ke nan. Me suke yi a tsakani? Kuma ta yaya mutanen da ba su da kamfani, ba situdiyo, ko wutar lantarki babu, waƙarsu ta karaɗe hamada har ta haura Turai? Sannan wai da gaske ne suna shiga fagen daga da bindiga a hannu, jita a goye? Bayani nake so dalla-dalla, ba kirari ba.

Malam Na-Abzin:

Wa alaikumus salam Ɗanliti. Kafin a zo kan jita sai an fara da abin da ya raba mutanen da gida, don shi ne cikin waƙoƙin gaba ɗaya.

Jagoransu Ibrahim Ag Alhabib, wanda ake yi wa laƙabi da Abaraybone, ɗan yankin Tessalit ne, cikin duwatsun Adrar a arewa maso gabashin Mali. A 1963 Abzinawan wannan yanki suka yi wa gwamnatin Modibo Keita tawaye, sojoji suka murƙushe shi da ƙarfin tsiya. Mahaifin Ibrahim na cikin waɗanda aka kashe, shi kuma yana da kimanin shekara huɗu. Iyalin suka tsallaka Aljeriya. Daga baya farin 1973 zuwa 1974 ya cinye raƙuma da awaki, na 1984 ya ƙarasa abin da ya rage. Makiyayin da ba dabba kuwa sai ci-rani. Samari suka bazu Tamanrasset da garuruwan kudancin Libiya irin su Ghat da Ubari da Sabha, suna leburanci da gadi, ba takarda ba izinin zama. Su ake kira ishumar, kalmar da aka lanƙwasa daga ta Faransanci mai nufin marar aikin yi. Kiɗan Tinariwen kiɗan waɗannan samari ne, ba na dattawan ruga ba.

Jitar farko da Ibrahim ya haɗa yana yaro ta hannu ce: gwangwani ko jarka, sanda, da waya guda. Jita ta gaske sai wajen 1979 ta shigo hannunsa. A Tamanrasset ya haɗu da Alhassane Ag Touhami da wasu 'yan uwa biyu, Inteyeden da Liya Ag Ablil, suna kiɗa a bukukuwan aure da zaman hira na 'yan gudun hijira. Ba su raɗa wa kansu suna ba. Mutane ne suka riƙa ce musu Kel Tinariwen, wato mutanen hamadu, don tinariwen jam'in tenere ne, wato hamada da harshensu.

A 1980 Gaddafi ya yi kira ga samarin Abzinawa da ke zaune a Libiya su zo a ba su horon soja. Ibrahim da abokansa suka amsa, suka yi wata tara ana horar da su. A 1985 aka sake yin irin wannan kira, wannan karo daga shugabannin ƙungiyar tawayen Abzinawa da ke can. A sansanin ne ƙungiyar ta cika: Keddou Ag Ossade, Mohammed Ag Itlale da ake kira Japonais, da Abdallah Ag Alhousseyni duk a wannan zamani suka shigo. A nan kuma suka kafa ƙa'idar da ta amsa rabin tambayarka: duk wanda ya kawo kaset marar komai, za su cika masa shi da waƙa, kyauta.

Ka lura da abin da wannan ke nufi. Mafi yawan mutanensu ba su da jarida da harshensu, rediyon gwamnatin Mali da na Nijar kuma ba zai watsa saƙon 'yan tawaye ba. Kaset ne ya zama jarida. Waƙar tana cewa ku farka, ku haɗa kai, ku tuna gida. Shi ya sa a ƙarshen shekarun 1980 samun kaset ɗinsu a jakar mutum kan jawo masa fitina a hannun jami'an tsaro.

A 1989 suka baro Libiya, Ibrahim ya koma Tessalit bayan shekara 26. A watan Yunin 1990 tawaye ya ɓarke da harin Menaka, wata guda bayan kisan da sojoji suka yi wa Abzinawa a Tchintabaraden ta Nijar. Wasu daga cikinsu sun yi yaƙin. Da aka sa hannu a yarjejeniyar Tamanrasset a Janairun 1991 suka ajiye makami suka koma kiɗa. Shekarun da suka biyo baya su ne mafi wuya: ƙungiyar ta watse, wasu na Kidal, wasu na Bamako, wasu sun koma Aljeriya, Inteyeden ya rasu a 1994. Sai a Maris 1996 aka ƙone makamai kusan 3,000 a Tumbuktu, hanya ta fara buɗewa.

Mai Gyaran Rediyo:

Malam Na-Abzin ya kawo tarihin, Allah ya ƙara ilimi. Ni bari in shiga cikin kaset ɗin kansa, don mutane na cewa "ya yaɗu hannu da hannu" kamar abu ne mai sauƙi.

Kayan aikin ba su wuce rediyo mai kaset ba, irin mai makirufo a jiki, mai cin manyan batura shida ko takwas. A dasa shi a tsakiyar tabarma, mai waƙa da jita su matso kusa, masu tafi da amshi su ja baya. Wannan jeri ba ado ba ne. Irin waɗannan rediyoyi suna da wata da'ira da ke rage ƙarfin ɗauka da kanta in ƙara ta yi yawa. In mai tafi ya fi kusa da makirufo, duk tafi ɗaya sai muryar mawaƙin ta nutse ta sake tasowa. Kuskure kuma ba a gyara shi. In an yi tuntuɓe a baiti na shida, ko a bar shi haka ko a mayar da zare a faro daga farko.

Kaset mai lamba 60 minti talatin ne kowane gefe, mai lamba 90 minti arba'in da biyar. Na 90 zarensa ya fi siriri, shi ya sa a zafin hamada ya fi saurin miƙewa da naɗewa a cikin inji. Zaren yana tafiya santimita 4.76 a daƙiƙa. In batir ya yi sanyi lokacin ɗauka, moto ya rage gudu, to ranar da aka saurara da sabon batir sai waƙar ta yi sauri, murya ta sirance. Bambancin kashi 6 cikin 100 ya isa ya ɗaga sautin da gaɓa guda ta wuyan jita. Don haka in ka ji tsohon kaset muryar babban mutum ta koma kamar ta yaro, laifin batir ne.

Sai kwafi. Ana haɗa rediyo biyu, ko a sami mai ƙofa biyu, a juye daga wannan zuwa wancan. Kowane juyi yana ƙara shuuu, yana cinye siraran sautuka. Kaset ɗin da aka ɗauka a Libiya, kafin ya bi direbobin manyan motoci ya iso Agadas ko Gao, wataƙila jikan jikan na asali ne. Abin da ke tsira daga wannan niƙa shi ne murya, tafi, da tsirkiyar jita ta tsakiya. A ganina wannan ya taimaka wa salon nasu: waƙar da aka gina a kan kalma da amshi ba ta mutuwa don sauti ya dushe. Ga rairayi kuma, yana shiga ya goge kan injin da ke karanta zare, sai an riƙa share shi da auduga da sifirit. Mai wayo yana ɓalle 'yan haƙoran nan biyu na saman kaset don kada wani ya danna jan maɓalli ya shafe masa waƙa.

Abin da kaset bai kawo ba shi ne kuɗi. Ba suna a jiki, ba hoto, ba wanda ke biyan kowa. Mutum zai haddace waƙa shekara goma bai san fuskar mai ita ba. Sun yi suna daga Tamanrasset har Agadas, aljihu kuwa wayam.

Ɗanliti:

Na gode ƙwarai, manya. To amma me ya sa Turawa ke sa su cikin 'yan rok? Ni a kunnena ya fi kama da kiɗan gargajiya da aka ɗora wa jitar lantarki.

Tsirkiya Shida:

Kunnenka bai yi ƙarya ba, ɗan'uwa. Kayan na rok ne: jitar lantarki biyu ko uku, jitar bes, amfilifaya. Ginin kuwa na gida ne.

A al'adar Abzinawa manyan kayan kiɗa uku ne. Akwai imzad, mai tsirkiya ɗaya ta gashin doki, ɗan'uwan gogenmu, kuma mata ne ke goga shi. Akwai tehardent mai tsirkiya uku, kusan molo, wanda yake na maroƙa da maƙera. Sai tinde: turmi ne ake rufe bakinsa da fatar akuya, a ɗaura taɓare biyu a gefe, mata su zauna a kansu don fatar ta ɗaure, ana yayyafa mata ruwa ana bugawa. Saurayin da ba mace ba, ba kuma ɗan gidan maroƙa ba, ba shi da kayan kiɗan da zai ɗauka ba a yi masa gori ba. Jita baƙuwa ce, ba ta da dangi, kowa na iya ɗauka. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa ishumar suka rungume ta.

Yadda ake kaɗa ta: jita tsirkiya shida ce, saitin da aka saba daga mai kauri zuwa siririya shi ne E, A, D, G, B, E. Da yawa daga masu jitar hamada sukan ɗaure mai kaurin daga E zuwa G, wato gaɓa uku sama. Babban yatsa yana dukan wannan tsirkiya a sake, tana ta gurnani a sauti ɗaya daga farkon waƙa har ƙarshe, manuniya kuma tana zana waƙar a kan sirara. Hannun hagu yana yawan bugun tsirkiya da fizgarta a kan wuya ba tare da an sake kaɗawa ba, shi ke ba da wannan lanƙwasa mai kama da goge. Yawancin waƙoƙin a kan sauti biyar suke, kuma ba a yawan sauya mazauni kamar yadda 'yan rok na Ingila ke yi duk bayan bugu huɗu. Jita ta biyu tana riƙe da zagaye ɗaya, tafi da ƙwarya ko jarka suna riƙe da tafiyar tinde, jagora ya ba da baiti a amsa masa, mata su rangaɗa guɗa.

Gargaɗi ga mai son gwadawa: ɗaga E zuwa G yana ƙara wa tsirkiyar ɗauri da kusan kashi 40 cikin 100. In mai lamba 46 ce ko ta fi haka kauri, tana iya tsinkewa a wajen maɗauri, a jita mai arha kuma wuyan na iya sunkuyawa a hankali har tsirkiyoyi su yi nisa da gaɓoɓi. A sa mai lamba 42 ko ƙasa, a ɗaure sannu-sannu. In muryar mawaƙi ba ta dace da G ba, a maƙala kapo, wato matsin da ke danne tsirkiyoyi duka a wuyan jita, a matsa sama, kada a ƙara ɗauri. Kuskure na biyu shi ne cika wa amfilifaya ƙara har sauti ya dagule. Na Tinariwen a tsabtace yake, kana jin kowace tsirkiya. Wanda ke son mai hayaniya sai ya nemi Mdou Moctar, makaɗin jita ɗan Nijar.

Ta fuskar abin da suka saurara kuwa, kaset-kaset ɗin da ke yawo a sansani sun haɗa da Jimi Hendrix, Santana, Dire Straits, Bob Marley, da Nass El Ghiwane na Maroko. Turawa sun laƙaba musu "bulus ɗin hamada", daga sunan wani tsohon kiɗan baƙaƙen fata na Amurka, amma su da bakinsu sun ce ba su san bulus na Amurka ba sai da suka fara fita waje. Sunan da suke kiran kiɗan shi ne assouf, kewa da begen gida.

Hajiya Mai Faifai:

Sannunku da ƙoƙari. Gyara ɗaya tukuna, Ɗanliti: 2001 ba shi ne karon farko da suka shiga situdiyo ba. A 1991 wasu daga cikinsu sun je Abidjan sun yi ɗauka, aka fitar a kaset, har da ganga ta inji da madannin lantarki irin na zamanin. Bai wuce kasuwar yankin ba. An sake fitar da shi a 2022 da sunan Kel Tinariwen. Wannan ya nuna situdiyo kaɗai ba ya fitar da mutum. Sai da wanda zai ɗauki faifan ya kai inda ake saye.

Wannan dama ta zo a 1998. Wata ƙungiyar mawaƙa ta birnin Angers a Faransa, Lo'Jo, ta je wasa Bamako ta haɗu da wasu 'yan Tinariwen. A 1999 aka gayyace su Faransa suka yi wasa da sunan Azawad. Daga nan shawara ta fito: maimakon a riƙa jigilar mawaƙa zuwa Turai, a kawo Turawan hamada. A Janairun 2001 aka yi Bikin Hamada na farko a Tin Essako, gabas da Kidal, Tinariwen ne kan gaba.

A daidai wannan lokaci Justin Adams, makaɗin jita ɗan Ingila, da injiniyan sauti Jean-Paul Romann suka ɗauke su a gidan rediyon Tisdas na Kidal, inda wuta ba ta wuce 'yan sa'o'i. Dalilin zuwa can a fili yake: Kidal zuwa Bamako kusan kilomita 1,500 ne, kuma mawaƙan a warwatse suke, ya fi sauƙi a kai musu na'ura da a tattaro su. Faifan shi ne The Radio Tisdas Sessions. A shekarar suka hau dandalin WOMAD, bikin kaɗe-kaɗen duniya, a Ingila.

Abin da ya ƙara wa wutar mai shi ne bikin 2003 a Essakane, yamma da Tumbuktu, wanda Robert Plant na ƙungiyar rok ta Led Zeppelin ya halarta tare da Ali Farka Toure da Oumou Sangare. 'Yan jaridar rok, waɗanda da ba sa leƙa kiɗan Afirka, suka biyo Plant. Daga nan abin ya tafi da sauri: Amassakoul a 2004, lambar yabo ta BBC a 2005, wasa tare da Santana a Montreux ta ƙasar Suwizalan a 2006. Aman Iman, wato ruwa shi ne rai, ya fito a 2007, an ɗauke shi a Bamako, kuma a ganina shi ne faifan da ya fi kama ƙarfinsu na kan dandali. A shekarar suka buɗe wa Rolling Stones wasa a Slane ta ƙasar Ayalan. A Yunin 2010 suna cikin waɗanda suka yi wasan buɗe gasar cin kofin duniya a Soweto. Tassili, wanda aka ɗauka a cikin duwatsu kusa da Djanet da jitocin da ba na lantarki ba, shi ya ci lambar yabo ta Grammy a Fabrairun 2012.

Abu ɗaya da ba a cika faɗa ba: Tinariwen ba ƙungiya ba ce mai mutum huɗu tsayayyu. Taro ne, wannan ya shiga wancan ya fita. Mai shirya wasa a Turai kuwa yana son sunaye wata shida kafin rana, don biza da tikiti. Sai da aka kafa tsayayyen rukunin tafiya, aka shigo da matasa irin su Eyadou Ag Leche a bes, Said Ag Ayad a ganga da Elaga Ag Hamid a jita, sannan yawon ya yiwu. Keddou da Liya kuwa suka ware suka yi tasu, Terakaft.

Malam Na-Abzin:

Hajiya ta cike giɓin. Saura maganar bindiga da jita.

Labarin a kan Keddou ake ba da shi, cewa ya shiga yaƙi da Kalashinkof a hannu, jita a baya. Ya yi yaƙi, an kuma harbe shi, wannan ba gardama. Amma ka auna: daga harin Menaka zuwa yarjejeniyar Tamanrasset wata shida ne da 'yan kwanaki, a cikin tarihin da ya haura shekara arba'in. Labarin ya yi wa masu tallar faifai daɗi, shi ya sa ya fi komai yawo. Aikin da ƙungiyar ta yi wa tawayen da kaset ta yi shi, tun shekaru kafin a harba harsashi ɗaya. Waƙoƙinsu na bayan 1991 kuma da yawa kuka suke da rarrabuwar kan Abzinawan kansu.

Mu na wannan gefe kada mu ɗauka abin na Mali ne kawai. A Nijar Abdallah Oumbadougou da ƙungiyarsa Takrist n'Akal sun yi irin wannan aiki, su ma an hana kaset-kaset ɗinsu a farkon shekarun 1990. Bombino na Agadas a kan waɗannan waƙoƙi ya koyi jita.

Mai Gyaran Rediyo:

Kuma hanyar ba ta mutu ba, kaya kawai ta sauya. Mdou Moctar, ɗan yankin Abalak, a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a 2008, da na'urar lanƙwasa murya irin ta waƙoƙin finafinan Hausa. Ba a sayar da shi a shago ba. Ta Bluetooth da katin waya ya bi gari gari har ya faɗa hannun mai kamfanin Sahel Sounds na Amurka.

Ɗanliti, in ka ci karo da tsohon kaset na ishumar a wajen wani dattijo, kada ka jefa shi cikin rediyo kai tsaye. Ka fara sa biro ka juya zaren daga farko har ƙarshe ka dawo, don ya saki in ya manne. Ka duba ɗan audugar nan da ke ƙarƙashin zare a tsakiya, in ta faɗi sai an liƙa wata, in ba haka ba sauti zai fito a dushe. Ka share kan inji da robar da ke jan zare. Sannan ka haɗa waya daga mafitar sauti zuwa kwamfuta, ka juye tun a saurare na farko, don wani zaren ba ya jure na biyu.